Kangon da Na Saya wa Ni'imatu

Ke da kika rubuto a ƙarƙashin rubutuna na baya kina cewa mutum mai baki irin nawa bai san soyayya ba, gyara zama. Yau zan ba ki labarin yadda na sayar da abin hawana na sayi gida saboda muryar mace a kaset. In kin gama karantawa sai ki sake yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Cindo, saboda yatsa shida da aka haife ni da su a hannun hagu. A shekarar casa'in da uku ina saurayi, ina da 'yar Suzuki ja, ina kwana a shagon wani abokina a Maigatari. Sana'ata ɗaukar mutane da kaya daga kasuwa zuwa ƙauyukan tsallaken iyaka. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, tun hantsi ba na sauke ƙafa sai rana ta yi ja. Yarinyar kuwa Ni'imatu ce, 'yar Malam Ishaƙ tela, a cikin Gumel.

Malam ya kafa doka: zance sau ɗaya a mako, ranar Juma'a bayan la'asar, a zaure, ƙofa a buɗe. Ni'imatu za ta fito da tabarma da ruwan randa a kofin silba, ta zauna can nesa kamar na zo karɓar haraji. Atamfarta ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, farin mayafi mai bakin zare, jan lalle a tafin hannu, 'yan kunne ƙanana kamar ƙwayar gero. In na ce ya gida, ta ce lafiya. In na ce ya Inna, ta ce lafiya. In na ce ana ta zafi, ta ce lafiya. Wata uku ina ƙona mai daga Maigatari don in ji "lafiya".

Ran nan zan tashi sai ta turo min wani abu ta ƙarƙashin tabarma, naɗe a ƙyallen ɗinki. Kaset ne.

"Fuska ɗaya tawa, ɗaya taka," ta ce, idonta a kan yatsun ƙafarta. "In ka ji, ka juya ka yi naka."

Ashe yarinyar nan baki gare ta! In Malam ya tafi shago sai ta jawo rikodarsa ta shige ɗaki. Ni kuma na sayi wata ƙarama mai cin batir, ina rataya ta a kafaɗa. In na sauke fasinja a tsallake, a hanyar dawowa akwai wata tsamiya a tsakiyar rairayi. Nan nake kashe babur, in jingina, in danna. Sai muryarta ta fito, a bayanta ana daka, kaji suna kuka.

"Shida." Haka take kirana a kaset, a zaure kuwa ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. "Shida, yau kwanon ɗakinmu ya yi zafi har yana ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa. Sai na tuna ɗakin kakata a Sule Tankarkar. Soro ne, rufin ƙasa. In rana ta take ka shiga, ji kake kamar ka sa ƙafa a randa. Nakan kwanta rigingine ina ƙirga azara. Baƙaƙe ne, hayaƙi ya sa suna ƙyalli. In na kai ashirin sai barci ya ɗauke ni. Har aka rushe ɗakin ban san adadinsu ba. Ni ba na son siminti, ba na son fenti. Ka samo min ɗakin da zan ƙirga azararsa har ƙarshe."

Sai muryar Inna daga nesa: "Ni'imatu! Da wa kike magana?" Ƙit, ta kashe.

Wannan wurin na maimaita shi har batir ya yi sanyi, muryarta ta koma ta ƙaton namiji. Tawa fuskar kuwa ba ta taɓa cika ba. Abin da nake cewa: "Na ji. Za a yi. Mai ya yi tsada." Sauran zaren duk iska ce da kukan awaki.

To ga inda magana ta yi nauyi. Inna Mairo, mahaifiyarta, gida bakwai ta yi a cikin Gumel, duk haya. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata suka kwaso iyali daga Kano, masu gidaje suka buɗe ido. Yau a ƙara maka kuɗi, gobe a ce ɗan mai gida zai yi aure. Na ƙarshen ma tana tsakiyar tuƙa tuwo aka shigo da sabon mai haya yana auna ɗakinta da igiya.

Wata Juma'a, maimakon Ni'imatu sai ga Malam da kansa, tef ɗin awo a wuya. Na sauka daga tabarma na durƙusa. Daga bayan ƙyaure na ji Inna.

"Malam, za ka faɗa masa ko in faɗa?"

Ya yi gyaran murya. "Cindo, ba mu ƙi ka ba. Ba ka shaye-shaye, ba ka caca, bakinka ne dai ba birki. Amma uwarta ta rantse 'yarta ba za ta ɗora kwalla a ka tana bin lungu ba. Ɗaki take so wanda ba za a ce wa yarinya tashi ba."

"Malam, ai haya ma in aka samu mutumin kirki..."

"Kul!" in ji Inna. "Ka san nauyin gadon ƙarfe? Sau bakwai na kwance nawa. Yanzu ƙafarsa ɗaya a kan bulo take."

"Daga yau zuwa saukar ruwan farko," Malam ya ce. "In ruwa ya sauka kana da gida, mu sa rana. In babu, ka huta da ƙona mai, ita ma ta huta da jira. Ba zan ajiye 'ya ta tsufa a kan 'za a yi' ba."

"Za a yi" ai maganata ce ta kaset. Sai a lokacin na tuna rikodar ta wane ne.

Washegari na nemi Ɗantala dillali, wani siriri mai hular da ta fi kansa, goro ba ya barin kuncinsa. Na goya shi muka shiga gari.

Gida na farko yana kusa da tashar Gumel. Bulo, kwano, har da famfo. Da ya faɗi kuɗin sai na tambaye shi ko har da tashar ake sayarwa. Na biyu yana bayan gari a cikin kwari, arha kamar kyauta. Na ga wani layi a jikin bango, daidai ƙuguna, ya zagaye gidan.

"Wannan layin fa?"

"Ado ne," in ji Ɗantala.

"Adon kwaɗi ko?"

Ya tofar da goro ya ce mu je Gagarawa. Can ya nuna min gida ɗaki uku, da rijiya, da darbejiya a tsakar gida, da fili a baya wanda za a iya ɗaure tumaki. Abin da na tara ya isa, ko taya ɗaya ta babur ba zan taɓa ba. Ku ji ni da kyau: duk mai hankali a nan zai tsaya. Nesa da Maigatari, gaskiya ne, nesa da Inna, gaskiya ne, amma mai babur ba ya kukan nesa. Na shiga ɗakin na ɗaga kai. Kwano. Yana ta ƙas, ƙas, a zafin azahar. Na fito na ce a'a.

"Kai wai gida kake nema ko aljanna?" Ɗantala ya ce.

"Soro nake nema. Mai azara."

Ya dube ni. "Akwai wani kango can cikin Gumel. Na gado ne, magajin yana Kano, kuɗi yake so da gaggawa. Amma kango ne fa."

"Mu je."

Lungun da ƙyar babur ya shige. Zaure ɗan ƙarami, tsakar gida duk busasshiyar ciyawa, ɗaki biyu, babba da ƙarami. Ƙyauren babban na katako ne mai kauri, an yi masa ado da kawunan ƙusa. Na tura na shiga. Sanyi ya kama ni tun daga ƙafa. Na ɗaga kai.

Ban iya kwatance ba, amma zan gwada. Azara ce ta giginya, baƙa wuluk, tana ƙyalli kamar an shafa mata man shanu, an jera ta a karkace kamar ƙayar kifi, layi bisa layi har ta haɗu a tsakiya. Ɗakin ba komai sai ƙura, amma wallahi na ga gado a kusurwar gabas, na ga jeren kwalla, na ga farin mayafi rataye a ƙusa. Na ga mace kwance rigingine, yatsanta a sama, leɓenta yana motsi. Na fara ƙirgawa, na kai bakwai na daina. Ƙirgar ba tawa ba ce.

Kuɗin kuwa sai an haɗa abin da na tara da babur gaba ɗaya, sannan ya kai da ƙyar. Ga gidan Gagarawa da rijiya da babur a ƙofa. Ga wannan, ɗaki biyu, ba rijiya, ba babur. Kwana biyu ina juya abin. Ƙarya nake, ban juya komai ba. Tun da na ɗaga kai magana ta ƙare.

Enoch ne ya sayi babur ɗin. Ma'aikacin sakatariya ne, mutumin Filato, na sha kai shi kasuwar Maigatari sayen kaji, ya daɗe yana shafa tankin nan yana yaba shi. Amma da na miƙa masa makulli sai ya ƙi karɓa.

"Cindo, ka yi tunani. Gida ba ya fita kasuwa ran Alhamis. Me za ku ci?"

"Karɓi abinka. Ina da ƙashin baya, zan yi dako."

Ranar ciniki magajin ya zo daga Kano, aka zauna a ƙofar mai unguwa. Bokona a aji uku ya tsaya, don haka na ɗauki Enoch ya karanta min takarda. Ya karanta ya kai wani wuri ya tsaya.

"An rubuta 'kango da filinsa'. Kango, Cindo. Ka gane?"

"Enoch, daga Filato za ka zo ka koya min Hausa a Gumel? Kango gidan da ba kowa a ciki. Ka ga kowa a ciki?"

"Ban gani ba."

"To miƙo tawada."

Na dangwala. Ku rubuta wannan ku ajiye: babu wanda ya cuce ni. Ɗantala ya faɗa, takarda ta faɗa, Enoch ya maimaita. Sau uku aka sa min kalmar a kunne.

A makon nan ne na fara cika fuskata ta kaset. Na zauna a tsakiyar ɗakin na yi ta zuba. Na gaya mata inda randa za ta zauna, inda rana take faɗowa da hantsi, yadda murya take dawowa in ka yi magana. Na ƙwanƙwasa mata ƙyauren ta ji kaurinsa. Na yi shiru na ce ta saurari ɗakin, ba ƙas, ba ƙas. Juma'ar da ta biyo ta dawo min da kaset ɗin, Malam kuma ya ce Juma'a mai zuwa zai zo da Inna su gani da idonsu. A lokacin gabas ta fara haɗa gira, iska tana kawo ƙanshin ƙasar wani gari.

Ran Laraba da hantsi na taho a ƙafa, bokitin farar ƙasa a ka, rikoda a kafaɗa. A bakin lungu na tarar da amalanken shanu. Na ji dum, dum, daga sama. Na ɗaga ido: ƙarti uku a kan ɗakina da diga da fartanya, suna tone rufi.

Na faɗa gidan, na jefar da bokiti a tsakar gida, na shige ɗaki. A ɗakin ƙasa tana zuba. Sun riga sun huda rami kamar faɗin faifai, rana ta zubo ta ciki ta tsaya a daidai inda na ajiye gado a raina.

"Kai! Ku sauko! Uban wa ya ce ku hau min gida?"

"Ubana," wata murya ta ce a bayana. "Shi ya ɗora azarar nan."

Tsohuwa ce, doguwa, baƙa, da zanen rini, zaune a kan 'yar kujera a tsakar gida, tana nuna wa ƙartin wuri da karan dawa. Hausarta ta mutanen tsallake ce.

"Iya, gidan nan na saye shi. Ina da takarda."

"Mi aka rubuta maka a takardar?"

"Kango."

"To a garinku kango yana da rufi?"

Ƙartin suka fashe da dariya har ɗaya ya kusa faɗowa. Ni kuwa sai na ji kalmar ta juya a kaina ta nuna min ɗaya fuskarta. Kango, gidan da ba kowa. Kango, bango tsaye ba rufi. Tun ina yaro na san duka biyun. Wanda raina yake so shi na ɗauka.

Sunanta Fadimatu, yayar wanda ya sayar min. Su biyu uban ya bari. Da malamai suka zo rabon gado suka yi wa gidan kuɗi, sai suka ga azara da ƙyamare sun kai kashi ɗaya cikin uku, daidai rabon mace. Ƙane ya ɗauki ƙasa da bango, ita aka ce sama tata ce. Tana aure a ƙasar Damagaram, ta bar su a nan shekara da shekaru. Bana mijin ya rasu. Ta dawo Maigatari, wani dangi ya ba ta kusurwar gida, ta tayar da bango huɗu, tana son ta rufa kafin ruwa.

"Ki sayar min."

"Da mi za ka saya? Gari duka ya san ka sayar da babur." Ta buga karan a ƙasa. "Ko kana da shi ma ba na sayarwa. A raƙumi ubana ya ɗauko su tun ba a haife ni ba. A ƙarƙashinsu aka raɗa min suna. Ni ma ɗaki nake nema, ɗan nan, wanda ba za a ƙara ce min tashi ba."

Na zauna a ƙasa cikin farar ƙasar da ta zube. Ban san abin da ya sa ba, hannuna ya kai kan rikoda, na danna.

"Shida, na ji ɗakin," muryar Ni'imatu ta cika tsakar gidan. "Sau biyar na saurari shirun nan. Jiya da rana na rufe ido a ƙarƙashin kwanonmu, sai na ji sanyi a ƙafata. Don Allah kada ka ƙirga. Ko ka ƙirga kada ka faɗa min. Ranar da aka kai ni, in mutane sun watse, zan kwanta in fara daga kusurwar gabas. Wannan karon ba zan yi barci ba."

Diga ta tsaya a sama. Tsohuwa ta karkato da kunne.

"Wace ce wannan mai ƙirga azarar mutane?"

"Ita na saya wa."

"Daga gabas," ta ce a hankali. "Ni ma daga nan nake farawa. Ai guda..."

"Iya, kada ki faɗa!"

Ta dube ni, ta dubi yatsuna shida a kan rikoda. Ni kuma kaina ya fara aiki, don in an zo ciniki ba na wasa.

"Iya, bangonki na Maigatari ɗanye ne, bana aka yi shi. Kuma a gidan wani yake. Wannan ya riƙe su tun kafin a haife ki. Ɗaki biyu ne. Ki ɗauki ƙaramin."

"In ka gaji da ni fa?"

"Ranar da na ce ki tashi, ki tashi da rufin."

Ta yi dariya har da tari. "Ina da tarin nan da ka ji. Ina da awaki biyu. Ina da baki."

"Baki ni ma ina da shi."

Ta ɗaga karan sama. "Ku sauko! A je a kwaso min kayana a amalanken." Ta juyo gare ni. "Ramin kuwa kai za ka toshe abinka."

Ran Alhamis ina jin kukan babura suna wucewa Maigatari, ni ina tsakar gida ina taka ƙasa da ciyawa. Ƙasar rufi sai ta kwana ta ruɓa kafin a ɗora, don haka na shimfiɗa tabarma a kan ramin na danne da duwatsu. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya a rubutun nan, ga abin kunyar da na yi. Na je ƙofar ƙaramin ɗaki na durƙusa.

"Iya, gobe surukaina za su zo. Ko za ki ɗan leƙa maƙwabta ke da awakin, zuwa magariba?"

"Tun yau ka fara ce min tashi?"

Na miƙe na koma kan ƙasata.

Juma'a bayan la'asar suka iso. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana ɗaga shara a lungu. Malam da farar riga da hula zanna, Inna da babban mayafi ruwan toka. Ko gaisuwa ba ta tsaya ta gama ba. Ta bi bango tana ƙwanƙwasawa, ta girgiza ƙyaure, ta leƙa makewayi. Sai ta ga awaki. Sai ta ga tsohuwa zaune a ƙofar ƙaramin ɗaki tana tsince wake.

"Wannan fa?"

Na shigar da su babban ɗaki, na durƙusa, na faɗa musu komai. Babur, kango, takarda, rabon gado. Ban rage ko ɗaya ba.

"Wato ƙasa taka, sama ta wata," in ji Malam.

"Haka ne, Malam."

"Na ce ɗakin da ba za a ce mata tashi ba," Inna ta ce. "Shi ne ka samo wanda za a ɗage mata rufi tana kwance? Malam, tashi mu tafi."

"Gida nawa kika yi, 'yar nan?" Tsohuwa ce a bakin ƙofa, faifan wake a hannu.

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Bakwai."

"Ni huɗu. Na ƙarshen, ranar da na fita takaba aka miƙo min ƙullin kayana." Ta shigo ta dafa bango. "Ki gaya min, in na ce wa 'yarki tashi, ina zan jingina azarata? A iska? Ita da bango, ni da rufi. Duk wadda ta motsa ta bar 'yar'uwarta a rana. Masu gidan da suka kore ki, akwai wanda yake buƙatarki haka?"

Tsohuwa ta nuna sama da faifanta.

"Ran da na mutu kuma azara ta yarinya ce, ba tasa ba. A kira mai unguwa a rubuta. Amma wannan karon a samo mai jin Hausa ya karanta wa wannan."

Malam ya kawar da kai yana gyara hula, na ga kafaɗarsa tana motsi. Daidai nan iska ta bugo. Muka ji duwatsu sun gangara a sama, tabarma ta yi fiffike ta tafi. Ramin ya buɗe, baƙin hadari yana leƙenmu ta ciki. Ɗigo ɗaya, ƙato, ya faɗo tsakiyar hular Malam. Ɗas.

Ya cire hular ya duba.

"Ruwa ya sauka," ya ce.

Wa'adina ke nan ya cika, a kan hular mai wa'adin. Inna ta ɗaga kai, ba ramin take kallo ba, azarar take bi da ido, layi bayan layi. Ta saki mayafinta ya zamo kafaɗa.

"Malam," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ɗakin da sanyi."

Malam ya mayar da hularsa. "Kai Cindo. Ba babur, ba rufi, ga tsohuwa, ga awaki. Tunda nake ban taɓa ganin ciniki irin naka ba." Ya nuna sama. "Me kake tsaye kana kallona? Hau ka toshe, kada ya jiƙa wa yarinya ɗaki."

Ban san lokacin da na hau ba. Na ga dai ina sama, kwandon ƙasa a gabana, ruwa yana dukan bayana, indararo ya fara zuba. Gumel duka tana ƙanshi. Ina shimfiɗa kara a bakin ramin sai idona ya kai bakin lungu. Atamfa ruwan ganye mai zanen tsuntsaye. Ta kifa faranti a ka, ta jiƙe sharkaf, ta ɗaga fuska tana kallon gidan. Ashe biyo su ta yi a baya.

Yarinyar da a zaure da ƙyar bakinta yake wuce "lafiya", ta sa hannu a gefen baki ta ƙwala:

"Shida! Guda nawa ne?"

"Ban ƙirga ba! Sai kin zo!"

Daga ƙarƙashina, ta cikin ramin, muryar Malam ta taso.

"Cindo! Da wa kake magana?"

Na ɗebi curin ƙasa da hannun nan mai yatsa shida. Ƙit, na toshe.